Auna ƙwayoyin irin fumfuna a iskar ɗaki da ta waje: tambayoyi da amsoshi

Masu gidaje, ɗaliban kimiyya, ma'aikatan asibiti da masu ajiyar hatsi ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Wasu amsarsu gajeruwa ce, wasu kuwa sai an zauna.

Mene ne ainihin abin da ake aunawa?

Fumfunar da ke fitowa a jikin burodi, ko a kan tuwon da ya kwana biyu, ko takalmin fata da aka manta a ƙarƙashin gado lokacin marka, halitta ce mai rai, dangi ɗaya da naman kaza. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Tana yaɗuwa ne ta wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin iri da take saki, iska ta kwashe. Koren nan ko baƙin nan da ke samanta, wanda yake tashi in an taɓa, tarin ƙwayoyin ne, kuma su ake ƙirgawa.

Ana auna girmansu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Na ire-iren fumfunar da ake kira Aspergillus da Penicillium yawanci tsakanin maikiron 2 zuwa 5 suke, alhali kaurin gashin mutum yana kai wajen 70. Na Alternaria manya ne masu siffar kulki, tsawonsu kan wuce maikiron 20. Girman nan yana da muhimmanci ƙwarai. In iska a tsaye take, ƙwaya mai maikiron 30 za ta faɗo tazarar mita ɗaya cikin ƙasa da minti guda, mai maikiron 3 kuwa sai ta yi wajen awa tana shawagi kafin ta sauko wannan tazarar. Manyan kan maƙale a hanci da maƙogwaro, ƙananan su zarce can cikin huhu.

Ana ba da sakamakon awo da adadin ƙwayoyi a kubik mita ɗaya na iska, wato lita 1000. Babban mutum yana shaƙar fiye da kubik mita 10 a yini da dare.

Akwai ɗakin da iskarsa ba ta da su ko kaɗan?

Sai dai ɗakunan da aka gina musamman, irin na dashen ɓargo a manyan asibitoci ko na haɗa magunguna, inda iska ke bi ta matatar HEPA mai riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ke da girman maikiron 0.3. Gidajen da muke kwana ciki, komai tsabtarsu, akwai ƙwayoyin. Saboda haka in wani ya auna ɗakinka ya ce ya samu fumfuna a iska, bai faɗa maka wani sabon abu ba tukuna. Abin tambaya shi ne wane iri, nawa ne, kuma daga ina.

Da me ake kama su?

Yawancin na'urorin kirki dabara ɗaya suke bi: a zuƙo iskar da aka san yawanta, a sa ta yi karo da wani abu mai danƙo, ƙwayoyin su manne.

Na waje, wadda har yau ita ce abin dogaro ita ce tarkon Hirst. Jim Hirst ne ya ƙirƙiro shi a 1952 a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, yana neman gane yadda cututtukan amfanin gona ke bin iska. Tarkon yana zuƙar lita 10 a minti ta wata 'yar tsaga mai tsawon milimita 14 da faɗin milimita 2, kuma yana da jela da ke juya bakinsa ya fuskanci iska ko ta ina ta taso. Irin wanda kamfanin Burkard ke ƙerawa yana da ganga a ciki, an naɗa mata siririyar leda da aka shafa wa man danƙo, tana juyawa milimita 2 a kowace awa har kwana bakwai. Ranar canji sai a hau rufin bene, a buɗe, a zaro gangar ba tare da yatsa ya taɓa ledar ba, a kai ɗakin gwaji a yanka ta gida bakwai, kowane yanki milimita 48, wato kwana ɗaya ke nan. In an ɗaga yankin a haske za a ga layuka, wani wuri fayau, wani wuri ya yi duhu. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, mai ƙirga zai iya cewa ga abin da iska ta ɗauko ranar Talata da ƙarfe uku na yamma. Aiki ne mai cin ido, amma babu wata hanya mai arha da ke ba da labarin kowace awa irin haka.

Na cikin ɗaki, an fi amfani da 'yar kaset ta roba, irin su Air-O-Cell, wadda ake jona wa famfon zuƙa. Lita 15 a minti, na minti 5 zuwa 10, sai a liƙe bakinta a aika ɗakin gwaji. Ita ma ƙirgar ido ce.

Sai kuma hanyar shuka. A nan iskar tana faɗa wa farantin gwaji ne mai ɗauke da abincin fumfuna, a ajiye shi a ɗumi na wajen digiri 25 har kwana 5 zuwa 7, kowace ƙwaya mai rai ta tsiro ta zama tabo, a ƙirga tabban. Shahararriyar na'urar wannan hanya ita ce ta Andersen, wadda ta fito a 1958. Tana zuƙar lita 28.3 a minti, tana da hawa shida, kowane hawa da ramuka 400 da ke ƙara tsukewa in an yi ƙasa. Manyan ƙwayoyi sai su tsaya a farantin sama, ƙananan su gangara, ta yadda za a san nawa ne a ciki za su iya isa ƙarshen huhu.

Tsakanin ƙirgar ido da shuka, wanne ya fi?

Kowanne da makantarsa. Ƙirgar ido tana ganin rayayyu da matattu duka, kuma wannan abu ne mai kyau, domin matacciyar ƙwaya ma tana tayar da atishawa da asma. Amma ido ba ya rabe ƙwayar Aspergillus da ta Penicillium, duk 'yan dunƙule ne masu kama da juna, shi ya sa ake haɗe su a layi ɗaya cikin rahoto.

Shuka tana ba da suna har zuwa jinsi, sai dai kaɗan daga abin da ke iska ne ke yarda ya tsiro a faranti. Wasu sun mutu, wasu abincin bai yi musu ba. Kuma akwai masu handama irin su Rhizopus da Mucor, waɗanda cikin kwana biyu za su lulluɓe farantin da farin gashi har murfi, su binne duk masu tsirowa a hankali. Shi ya sa ake son wani abincin faranti mai suna DG18 a awon gidaje, yana rage musu gudu, yana kuma ba wa fumfunar da ke son wuri mai ƙarancin laima dama. In kuwa Aspergillus fumigatus ake nema, wanda ke addabar marasa lafiya, sai a ɗumama wani farantin a digiri 37, zafin jikin mutum, inda shi yake bunƙasa, da yawa daga sauran kuwa su kasa.

Mai neman sanin ko gida na da matsala, ƙirgar ido ta ishe shi farawa. Asibiti kuwa ba shi da makawa sai shuka.

A makaranta mun buɗe faranti mun ajiye a kan tebur na wasu mintoci. Wannan ba awo ba ne?

Darasi ne mai kyau, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya yi shi. Amma ba awon yawa ba ne. Babu wanda ya san lita nawa na iska suka wuce ta saman farantin, kuma abin da ya faɗa ciki yawanci manyan ƙwayoyi ne, ƙananan da suka fi shiga huhu suna can sama ba su sauko ba. In an kunna fanka sakamako ya canza, in wani ya wuce da babbar riga ya sake canzawa. Akwai lissafin da wasu ke amfani da shi su juya adadin tabban zuwa kubik mita, ana yawan ganinsa a kundin kammala digiri, amma kintace ne. Abin da na fi so ɗalibi ya yi shi ne ya rubuta gaskiyar abin da ya auna: tabo kaza a faranti mai faɗi kaza cikin minti kaza. Wannan ya fi daraja a kan lambar da aka yi wa kwalliya.

Me ya sa ake cewa dole a auna waje, alhali ɗaki ne ke da matsala?

Domin mafi yawan ƙwayoyin da ke ɗaki mai lafiya daga waje suka shigo, ta taga, ta ƙofa, a jikin tufafi da takalma. Lambar ɗaki ita kaɗai ba ta cewa komai. A ce an samu 800 a kubik mita cikin falo. In waje a wannan lokacin 5000 ne, kuma iri ɗaya ne da na falon, to ba abin damuwa. In waje 200 ne, to akwai inda falon ke samo nasa.

Kuma kwatanta iri ya fi kwatanta jimla amfani. A waje, Cladosporium ne ya fi yawa a wurare da dama na duniya, sai ƙwayoyin naman kaza da na fumfunar ciyawa da ganyaye, ga kuma Curvularia a ƙasashe masu zafi. In jerin ɗaki ya yi kama da na waje, sai dai ya fi shi ƙanƙanta, haka ake so. In aka ga rukunin Aspergillus da Penicillium ya mamaye ɗaki alhali kaɗan ne a waje, ko aka ga Chaetomium ko Stachybotrys, waɗanda ba sa tsirowa sai inda takarda ko katako ko silin ya daɗe a jiƙe, to ruwa na shiga wani wuri.

Yawancin ƙa'idojin da ake karantawa an rubuta su ne don gidajen Turai da Amurka, masu rufaffun tagogi da na'urar ɗumama ko sanyaya iska. Gida mai tsakar gida, ɗakuna a buɗe, labule kawai a ƙofa, iskarsa da ta waje kusan ɗaya ce. A irin wannan gida in ba a rufe ƙofa da taga na wasu sa'o'i kafin awo ba, waje aka auna sau biyu. Yana da kyau kuma a haɗa da wani ɗaki na gidan da ba a zarginsa, ya zama abin kwatance na uku.

Lokacin da aka yi awon yana da tasiri?

Sosai. Akwai ƙwayoyin da ke tashi in rana ta yi zafi, ganye ya bushe, iska na kaɗawa, irin su Cladosporium da Alternaria, kuma sun fi yawa daga tsakar rana zuwa la'asar. Akwai masu buƙatar laima kafin su harbo irinsu, su kuma sai cikin dare, da asuba, da bayan ruwan sama. Ruwa mai ƙarfi yana wanke na farkon daga iska, ya kuma tayar da na biyun, don haka samfurin waje da aka ɗauka ana cikin ruwa ko da ɗaukewarsa bai dace da kwatance ba.

Lokacin kaka, inda ake casa da shiƙa da tara harawa, iskar wurin cike take da ƙwayoyin da suka zauna a jikin zangarniya da ganye. Hunturu kuma da tasa matsalar. Hazon da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, yakan cika ledar tarko da ƙura har ƙwayoyin su ɓuya a ƙarƙashinta, mai ƙirga ya ƙirga ƙasa da abin da ke akwai. Maganinsa a rage mintocin zuƙa, kuma a rubuta a rahoto cewa ƙura ta yi yawa a samfurin.

Cikin ɗaki ma haka. Shara, kakkaɓe katifa, yara na tsalle a kan kafet, kowanne na iya ninka lambar sau da yawa cikin 'yan mintoci.

An auna ɗakina sau biyu, sakamakon ya sha bamban. Wani ya yi kuskure ne?

Ba lallai ba. A duba lissafin. Kaset mai zuƙar lita 15 na minti 5 ta ga lita 75 ne kawai. In an ƙirga ƙwaya 30 a ciki, sai a raba da 75 a ninka da 1000, a samu 400 a kubik mita. Wato kowace ƙwaya ɗaya da aka gani tana zama 13 a rahoto. Dunƙule ɗaya na Penicillium mai ƙwaya 20 da ya faɗa kaset ɗin bisa katari zai ƙara sama da 260. Awon minti 5 kamar mutum ne ya leƙa kasuwa sau ɗaya da sassafe, ya ce ya san yawan masu cinta. Sai an maimaita, a lokuta dabam-dabam, kafin a fara magana da ƙarfi.

Adadi nawa ne ke da haɗari?

Babu lambar da duniya ta amince da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da fumfuna a cikin gine-gine a 2009, kuma ba ta sa iyaka ba. Abin da ta tabbatar shi ne zama a gini mai laima da fumfuna yana da alaƙa da tari, shessheƙar numfashi da tsanantar asma, kuma abin yi shi ne a hana laimar. Amurka ma ba ta da iyakar tarayya. Jerin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO 16000 ya yi bayanin yadda ake ɗaukar samfur da yadda ake ƙirga, ba adadin da ya halatta ba.

A iskar waje, masu hasashen borin jiki, wato atishawa da asmar da ƙwayoyin ke tayarwa, sun fi ambaton 100 a kubik mita ga Alternaria da 3000 ga Cladosporium a matsayin inda masu borin kan fara jin jiki. Waɗannan alƙaluman gargaɗi ne ga masu irin wannan lalura, ba ma'aunin gida ba ne. Duk wanda ya nuna maka lamba ɗaya ya ce daga nan haɗari ya fara, ka tambaye shi inda ya samo ta.

Ina ganin fumfuna a bango da silin. In kira masu awo?

A'a. Gani ya kori ji. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta ba da shawarar awon iska a irin wannan hali, kuma ina tare da ita. Kuɗin awon a sa shi a gyaran kwanon da ke yoyo, ko indararon da ke zuba a jikin bango, ko bututun banɗakin da ke tsatsafowa. Abin da ya jiƙe a busar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Silin ɗin kwali, katifar soso ko kafet da fumfuna ta ci ciki, a fitar da su, ba sa wankuwa. Bangon siminti da tayil a wanke da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai kafin fenti, domin fenti a kan fumfuna ɓawo zai yi ya faɗo. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi irin N95, masu asma da ƙananan yara su bar wurin. In wurin ya wuce wajen murabba'in mita ɗaya, a nemi wanda ya san aikin.

Abu ɗaya a lura: farin abin nan da ke fitowa a gindin bango yana marmashewa, galibi gishiri ne da ruwan ƙasa ya hau da shi. In an ɗiga masa ruwa ya narke, ba fumfuna ba ce, amma shi ma shaida ce cewa bangon na shan ruwa.

To yaushe awon iska yake da amfani?

Idan ana jin wari amma an rasa inda yake, ana zargin bayan silin ko cikin na'urar sanyaya ɗaki. Idan an gama babban gyara ana son tabbatar da cewa ɗakin ya koma daidai da waje. Idan ana rushe-rushe ko gini kusa da ɗakin masu cutar daji, masu dashen ƙoda da sauran waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, domin ƙurar gini sananniyar hanya ce ta Aspergillus. Sai wuraren aiki masu ƙura, kamar gidajen kaji, injinan niƙa da manyan sito, da kuma gonaki, inda tarko kan nuna zuwan cuta kafin ta bayyana a ganye. Tsatsar alkama ta Ug99, wadda aka fara gani a Uganda a 1998, ta isa Yaman da Iran cikin shekara goma, kuma iska ce babbar hanyar irin wannan cuta.

Ko a neman ɓoyayyar fumfuna, na'urar auna laimar bango da tocila sukan riga famfon zuƙa gano wurin.

Baƙar fumfuna da ake ta faɗa fa?

Stachybotrys chartarum ake nufi. Sunanta ya yi ƙaurin ne a shekarun 1990, lokacin da aka danganta ta da zubar jini a huhun wasu jarirai a Cleveland ta Amurka. A 2000 CDC ta sake duba binciken ta ce ba a tabbatar da alaƙar ba. Ƙwayoyinta a jiƙe suke, masu danƙo, ba sa tashi da sauƙi, don haka tana iya cika bayan silin awon iska bai gan ta ba. Kuma fumfuna baƙa iri-iri ce, launi ba ya ba da suna.

Awon iskar gidana zai nuna ko fumfuna ce ke sa ni ciwo?

Ba zai nuna ba. Wannan aikin likita ne, ta gwajin fata ko na jini. Akwai rukuni ɗaya da nake so su ji wannan da kyau: waɗanda suka yi tarin fuka suka gama magani, amma tari bai tafi ba, suna ramewa, wani lokaci da jini a majina, gwajin tibi kuma ya nuna babu. Tarin fuka kan bar kogo a huhu, Aspergillus kuma kan zauna a kogon. Sau da yawa ana sake ɗora irin waɗannan mutane a kan maganin tibi alhali ba shi ba ne. Hoton ƙirji da gwajin jini na Aspergillus ne ke rarrabewa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Aspergillus fumigatus a rukunin farko na jerin fumfuna masu haɗari ga ɗan Adam.

Ina da sito na masara da gyaɗa. Awon iska zai gaya mini ko akwai guba a hatsin?

A'a. Gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo fiye da 100,000 a Ingila a 1960 sanadin tunkuzar gyaɗa daga Brazil, a cikin ƙwayar hatsin take, kuma hatsin ake niƙawa a gwada. Aspergillus flavus ne ke yin ta, amma ba kowane nau'insa ba. Maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar ma nau'o'in flavus ne marasa guba da ake watsawa a gona su danne masu gubar, kuma a tarkon iska ba a rabe su. Abin da awon iska zai nuna a sito shi ne yawan abin da 'yan dako ke shaƙa lokacin sauke buhuna da juye su. Masara a busar da ita zuwa laimar wajen kashi 13 cikin 100, buhuna a kan katako, nesa da bango.

'Yar na'urar auna ƙura da ake sayarwa tana iya wannan aiki?

Ba ta iyawa. Tana ƙirga duk abin da ya gifta haskenta ne, hayaƙin girki, hazo, turaren wuta, ba ta san ƙwayar fumfuna ba. Wadda ta fi amfani a gida ita ce 'yar na'urar auna danshin iska. In ɗaki yana daɗewa sama da kashi 60 cikin 100, a ƙara masa iska.

An ba ni rahoto. Me zan duba?

A duba ko an rubuta na'urar da aka yi amfani da ita, lita nawa aka zuƙa, rana da lokaci, yanayin sama, da ko tagogi a buɗe suke. A duba ko akwai samfurin waje na wannan ranar, da samfurin da ba a buɗe ba wanda ke nuna cewa kayan aikin ba su gurɓata a hanya ba. A nemi ainihin adadin da aka ƙirga, ba wanda aka ninka kawai ba, da jerin ire-iren ɗaya bayan ɗaya. In gwajin ƙwayar halitta ne a kan ƙurar ɗaki, irin ma'aunin ERMI mai duba jinsi 36, a sani cewa hukumar kare muhalli ta Amurka da ta samar da shi ta ce na bincike ne, ba na yanke hukunci kan gida ɗaya ba. Sannan a tambayi mai awon ko ya hau ya leƙa cikin silin, ya ja kujeru da durowa daga bango, ya duba tiren na'urar sanyaya ɗaki. In kamfanin da ya yi awon shi ne kuma zai karɓi kwangilar gyaran, a nemi wani dabam ya yi awon bayan gyara.